Darasi: Malami da Iyalinsa a Baƙuwar Ƙasa

Karatu: Ayyukan Manzanni 18

A shekara ta 1942 mishan ɗin C.B.M. suka buɗe makarantar Hillcrest a Jos domin 'ya'yan masu aikin bishara. A 1986 kuma S.I.M. suka buɗe Sahel Academy a Yamai. Malaman farko na waɗannan makarantu baƙi ne da suka ƙetaro teku. Yanzu abin ya juyo kanmu. Samarinmu masu takardar koyarwa suna samun aiki a makarantun da ke tara yaran ƙasashe dabam dabam, su kwashi mata da 'ya'ya su tafi. Ekklesiya takan yi musu addu'a ran Lahadi, a raka su tasha, shi ke nan. A ganinmu wannan bai isa ba.

Bari mu duba Akila da matatasa Biriskilla. Su ba manzanni ba ne, maɗinkan tanti ne. Akila Bayahude ne, haifaffen Fontus. Sun zauna a Roma har Kaisar Kalaudiyas ya kori Yahudawa, wajen shekara ta 49, suka sauka Korinti. Can Bulus ya same su, ya zauna gidansu, gama sana'arsu ɗaya ce. Daga baya suka bi shi Afisa. Sa'anda ya rubuta wa Romawa kuwa, sun riga sun koma Roma. Ƙaura uku ke nan, da sana'a suka ci abinci. Amma a Afisa da Roma duka an ce masu bi suna taruwa a gidansu (1 Korintiyawa 16:19, Romawa 16:5). Ba su ce su baƙi ne, su jira sai sun koma gida kāna su yi wa Ubangiji aiki ba.

Mu lura da yadda suka yi da Afolos. Mutumin Iskandariya ne, mai ilimi, mai iya magana, amma baftismar Yohanna kaɗai ya sani. Ba su kunyata shi cikin majami'a ba. Suka jawo shi gefe, su biyu, miji da mata, suka ƙara bayyana masa hanyar. Malaminmu zai iske abokan aiki waɗanda suka fi shi digiri, da yara masu addinai iri iri. Akwai ƙasashen da doka ta hana wa'azi, kamar Saudiyya inda ba a yarda a gina coci ba. Aji kuwa amana ce, an ɗauke shi ne ya koyar da lissafi ko Turanci. Shaidarsa za ta fito daga aiki mai kyau, da gaskiya wajen ba da maki, da ƙofar gidansa da ke buɗe.

Nauyin ya fi faɗa wa matar. Maigida yana da aji, yana da abokai tun ran fari. Ita kuwa, in takardar shigarta ba ta ba ta izinin aiki ba, sai ta wuni cikin ɗaki, ba uwa, ba maƙwabciya, ba zumuntar mata. Kada a sa hannu a yarjejeniya sai an zauna da ita, an karanta kowane layi: gida, asibiti, kuɗin makarantar yara, kuɗin jirgin dawowa. Yawanci shekara biyu ce, ba a fita cikinta da sauƙi.

Yaran kuma za su kama Turanci da sauri kamar wutar daji. In ba a yi musu Hausa da harshen kakanninsu a gida ba, ran dawowa sai kaka ta yi gaisuwa jika ya tsaya yana kallonta. A riƙa addu'ar dare da harshen gida. Tsofaffin da aka bari kuwa, a shirya tun da wuri wanda zai duba su, da abin da za a aiko kowane wata (1 Timoti 5:8).

Saura namu. Da Afolos ya tashi zuwa Akaya, 'yan'uwa a Afisa suka rubuta wa almajiran can su karɓe shi (aya 27). Dattawa su ba iyalin nan takardar shaida zuwa ga ekklesiyar da za su tarar, a kuma zaɓi gida ɗaya cikinmu da zai riƙa kiransu a waya, ko da sau ɗaya a wata.