Magani Kyauta Ne, Amma Hanyar Karɓo Shi Ta Cinye Mini Jari

Malam, na rubuto maka ne a kan wani al'amari da na daɗe ina ɓoyewa. Ni bazawara ce mai 'ya'ya uku, sana'ata ɗinki. Shekara shida ke nan da rasuwar maigidana, kuma a jinyarsa ta ajali ne likita ya auna jinina, ya shaida mini ina ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau. Yaran dai, alhamdu lillahi, an auna su ba su da ita. Saboda tsoron bakin mutane ban yanki kati a asibitin garinmu ba, inda wata maƙwabciyata take aiki, sai na tafi wani gari mai nisan awa uku a mota, can nake karɓo magani duk wata, ina ce wa dangi na tafi saro yadi. Ba a karɓar ko kwabo a hannuna, amma tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 kuɗin mota ya fi ƙarfina, har na sayar da ɗaya daga cikin kekunan ɗinkina biyu, ga bashi a kaina. Yanzu nakan sha ƙwayar yau in tsallake gobe don ta kai ni wata biyu, ran da kuma ba a ɗora tukunya ba ba na sha. Ina mafita, Malam? Kuma ya halatta in karɓi zakka alhali ina da sana'a?

Wata baiwar Allah.

'Yar'uwa, Allah Ya jiƙan maigidanki, Ya raya abin da ya bari. Kafin komai, ina roƙonki da ki bar tsallake magani tun daga daren yau, domin ita wannan ƙwayar cuta, muddin maganin ya yi ƙaranci a cikin jini, takan sami sarari ta hayayyafa har ta koyi bijire masa, sai a wayi gari wanda kike sha ya daina aiki, a koma neman wani, da ƙarin gwaje-gwaje da zirga-zirgar da kike gudu. Rai amana ne a hannunki, kiyaye shi kuwa wajibi ne a shari'a. Batun yunwa kuma, ƙwaya ɗaya tilo da ake ba mafi yawan manya yanzu ana iya shanta ko da ciki babu komai. Ki nuna wa ma'aikacin lafiya taki ya tabbatar miki.

Da na karanta takardarki sau biyu, sai na ga cewa abin da ya cinye miki jari ɓoyo ne. Tun 2006 gwamnatin tarayya ta mai da wannan magani kyauta, da gudummawar Amurka ƙarƙashin shirin PEPFAR da aka kafa a 2003, amma ba wanda ya ɗauke wa talaka kuɗin mota, da yinin sana'a da yake asara a kan bencin asibiti, da kuɗin maganin zazzaɓi ko tari idan sun taso. Ban zarge ki ba, don na san yadda harshen unguwa yake yanke wa mace mai sana'a ciniki a mako guda. Sai dai ki sani binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta masu ɗauke da wannan cuta a Nijeriya sun kai wajen miliyan 1.9, da yawansu suna cikin kasuwa da masallaci tare da mu, lafiyarsu ƙalau. Jarrabawa ce kamar sauran cututtuka.

Idan kin koma, ki gaya wa likita gaskiyar tsallaken da kika yi ba tare da jin nauyi ba, a auna yawan ƙwayar cutar a jininki, sa'an nan ki nemi a riƙa ba ki na wata uku, ko shida idan jinin ya yi kyau, domin tsari ne da aka yarda da shi, tafiya goma sha biyu ta koma huɗu ko biyu. Ki kuma nemi takardar sauya asibiti zuwa wani gari na kusa, in ba ki son naku. Dokar hana tsangwamar masu wannan cuta ta 2014 ta haramta wa ma'aikaci fallasa sirrin majinyaci, ko da yake, a faɗi gaskiya, doka ba ta riƙe bakin kowa ba. Ki tambaya a haɗa ki da matan NEPWHAN, ƙungiyar masu ɗauke da wannan cuta, waɗanda suka riga ki shiga wannan hali, suka san lungu da saƙonsa.

Amma zakka, ta halatta gare ki ba tare da shubuha ba, gama wanda sana'arsa ba ta isar masa da iyalinsa yana cikin mabuƙatan da Suratut Tauba ta ambata, wanda bashi ya yi wa katutu ma yana ciki, kuma ba sharaɗi ba ne ki bayyana ciwonki ga mai bayarwa. Ki zaɓi mutum ɗaya mai amana cikin danginki, yaya ko gwaggo, ki sanar da shi, don ran da ciwo ya kwantar da ke a sami mai karɓo miki magani. Keken da ya rage kuwa kada ki sayar, ki rubuto mini bayan kin ga likita.