Kafin ka watsa wa alkama yuriya, ka duba ganyenta

'Yan uwa manoman alkama na rani, musamman na Kadawa da kwarin Haɗeja, ina so mu tattauna a kan taki na biyu, domin a nan kuɗinmu suka fi salwanta. Abin da nake gani a aikina na malamin gona shi ne, da zarar maƙwabci ya watsa yuriya, sai kowa ya ciccibo buhunsa, ba wanda ya tsaya duba ko tasa alkamar tana bukata. Ga taki ya yi tsada, ga shi kuma a duniya baki ɗaya kusan kashi ɗaya bisa uku ne kawai na naitirojin da ake zuba wa hatsi ke shiga amfanin da aka girbe.

Akwai wata 'yar na'ura mai suna SPAD, girmanta bai wuce tafin hannu ba. Ana matse ganye a bakinta, ta haska shi, ta auna hasken da ya ratsa, ta ba da lamba. Sinadarin da ke sa ganye kore sai da naitirojin yake samuwa, saboda haka lambar tana nuna ko shuka ta ƙoshi.

Amma lambar kaɗai ba ta wadatar ba, tunda kowane iri da kalar korensa. Shi ya sa nake roƙon manomi tun ranar shuka ya ware fangali ɗaya ya ƙosar da shi da taki, ya zama ma'auni. Idan alkama ta gama 'ya'ya ta fara gaɓa, sai mu zaga gona muna auna tsakiyar ganyen sama da ya gama buɗewa, a jikin shuka kamar 30, mu kwatanta da na wancan fangalin. In gonar ta kai kashi 95 cikin 100 na lambarsa, a mayar da buhu ɗaki. In ta gaza, a zuba, a bi da ban-ruwa nan take, domin yuriyar da aka bari a saman ƙasa iska ce ke cin rabonta.

Wani abu da ke damuna ƙwarai shi ne ɗaukar kowace rawaya a matsayin yunwar taki. Ƙarancin naitirojin daga tsofaffin ganyen ƙasa yake farawa. Idan sabon ganyen sama ne ya ɗashe, a binciki ƙarancin farar wuta. Idan kuma ruwa ya kwanta a fangali, saiwa ce ta rasa iska, ƙarin yuriya ba zai yi magani ba. Wanda ya zarce da taki kuwa, alkamarsa za ta yi tsawo ta kwanta tun kafin ta nuna.

Na'urar SPAD tana da tsada, amma ƙungiyar manoma ɗaya za ta iya sayen guda a riƙa zagayawa da ita. Akwai kuma katin launin ganye mai araha da cibiyar IRRI ta Filifin ta yaɗa don shinkafa, wanda manoman Punjab a Indiya ke amfani da shi a gonakin alkama. Ku tuntuɓi malamin gonar yankinku tun kafin shukar watan Nuwamba, domin fangalin ma'auni ba ya waruwa bayan alkama ta tashi.