Cutar Funfuna Mai Ganuwa da Sabuwar Dabarar Yaƙarta

Kowane magidanci ya san yauƙin da kan kama cikin randa idan aka daɗe ba a wanke ta ba. Ko an sake ruwa, yauƙin nan ba ya gushewa sai an sa soso an dirje. To, irin wannan yauƙi yakan samu a jikin ɗan Adam, kuma ya kamata jama'ar Abaji da kewaye su san yadda al'amarin yake.

Mene ne asalinsa?

Akwai ƙwayoyin cuta dangin funfuna, irin masu kawo makero da ƙyasfi. Ɗaya daga cikinsu, wadda likitoci ke kira Kandida, takan manne wa robar fitsari, da robar ƙarin ruwa da aka sa a jijiya, da haƙoran roba. Da zarar ta manne sai ta hayayyafa, ta lulluɓe kanta da yauƙi ya zame mata ganuwa. Maganin da kan kashe ta a sarari yakan kāsa a nan, ko da an ninka shi sau ɗari. Daga cikin ganuwar nan ne ƙwayoyin kan ɓalle su shiga jini, su jefa majinyaci cikin haɗarin rasa rai.

A shekarar 2009 aka gano wani nau'inta mai taurin kai, Kandida auris, a kunnen wata majinyaciya a ƙasar Japan, kuma a 2022 masana suka ba da rahoton samunsa a Nijeriya. A wannan shekara ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin funfuna 19 masu haɗari, ta sa shi cikin huɗu na sahun gaba.

Dabarar mitsitsin ƙwayoyi

Tun a shekarun 1950 ake da magani mai ƙarfi, wato amfoterisin B, amma yana cutar da ƙoda. Sabili da haka masana suka ƙunshe shi cikin 'yan mitsitsin ƙwayoyi na maiƙo, waɗanda ba su wuce nanomita 100 ba. Nanomita guda kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita, sai an jera irin ƙwayoyin nan ɗaruruwa kafin su kai kaurin silin gashi. Ƙunshin yana riƙe maganin a cikin jini, ya rage ɓarnar da yake wa ƙoda, sa'an nan ya sake shi idan ya tarar da funfunar. An fara amfani da shi a Turai a 1990 da sunan AmBisome. Gwaje-gwajen ɗakin bincike sun nuna yana iya cin Kandidar da ke cikin ganuwa, inda tsohon samfurin yakan gaza.

Haka kuma ana gwada mitsitsin ƙwayoyin azurfa, amma yawancin aikin bai wuce ɗakin bincike da gwaji a kan dabbobi ba. A nan gida, Cibiyar Binciken Magunguna ta Ƙasa da ke Idu, Abuja, tana cikin masu nazarin wannan fanni.

Abin da ya rataya a wuyan jama'a

Sabon maganin yana da tsada, kuma a asibiti kaɗai ake ba da shi, ta jijiya. Saboda haka rigakafi shi ne abin riƙo:

1. Mai jinya ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa robar majinyaci.

2. Kada a bar roba a jiki fiye da wa'adin da likita ya yanke, domin cire ta shi ne rushe ganuwar.

3. Idan mai roba a jiki ya kamu da zazzaɓin da ya ƙi jin magani, a gaggauta kai shi Babban Asibitin Abaji, inda za a iya tura shi Asibitin Koyarwa na Gwagwalada.

4. A cire haƙoran roba da dare, a goge su.

5. Kada a sha ruwan azurfa da sunan magani, kada kuma a sayi abin da ba shi da lambar NAFDAC.

Randar da ake wankewa a kan kari ba ta tara yauƙi. Haka robar majinyaci take.