Darasin Kimiyya: Haɗa Ƙaramar Motar Tsere da Kara, Waya da Roba

Ɗalibai, darasinmu na yau a kan motar tsere ne, kuma kowane rukuni zai fita daga ajin nan da tasa motar a hannu. Babu yaron Tanut ko Balbeji da bai san motar kara ko ta waya ba. Da yawanku kun ƙera, kun tura ta a rairayi har magariba ta kore ku gida. Ke nan hannunku ya riga ya iya aikin. Abin da za mu ƙara yau shi ne awo da lissafi, domin wanda ya auna shi ne zai iya faɗin dalilin da ya sa motarsa ta wuce ta abokinsa, kuma ya sake ƙera irinta gobe ba da sa'a ba.

Asalin motar haɗi

A shekarar 1957 wani injiniya ɗan Ingila, Colin Chapman, mai kamfanin Lotus, ya fitar da wata ƙaramar mota marar nauyi mai suna Lotus Seven. Ana iya sayenta a warwatse, shasi daban, inji daban, tayoyi daban, mutum ya kai gida ya haɗa da kansa. A lokacin gwamnatin Ingila tana ɗora haraji a kan motar da aka gama haɗawa, ba ta ɗora shi a kan wadda aka sayar gunduwa-gunduwa, don haka masu ƙaramin ƙarfi suka rungumi wannan hanya. A 1973 kamfanin Caterham ya sayi haƙƙin ƙera motar, ya ci gaba da sayar da ita ga masu son haɗawa a gida. Wasu kamfanoni kuma suna sayar da kayan haɗa kwafin shahararrun motocin tsere, irin su Ford GT40 da ta ci tseren Le Mans na Faransa shekara huɗu a jere, daga 1966 zuwa 1969.

Mu a nan, motar tseren da iyayenku suka fi sani ita ce ta gasar Paris-Dakar, wadda Thierry Sabine ya kafa, ta fara isa Dakar a watan Janairun 1979. Shekaru da dama tana ratsa Nijar, Agadas na cikin manyan zangonta, kafin a soke gasar 2008, a mayar da ita Kudancin Amurka, daga baya kuma Saudiyya a 2020. Gasar ta yi sanadin mutuwar mutanen ƙauyuka a ƙasashen da ta bi, har da yara, kuma ban ga abin yabo a wannan ba. Amma motocin da aka ƙera domin ta, kamar Peugeot 205 da Ari Vatanen ya ci gasar 1987 da ita, an yi su ne don irin ƙasarmu ta rairayi da tsakuwa. Irinsu za mu kwafa.

Kayan da ke cikin kwalinku

Kowane rukuni yana da busassun karan gero masu kauri, waya mai lanƙwasuwa, fensir biyu da za su zama sandunan taya, bututun biro, tsofaffin silifa da za a yanka tayoyi daga cikinsu, zaren roba da aka tsaga daga tsohuwar robar cikin tayar keke, kwali na yin bodi, da ma'aunin santimita. Yankan silifa da reza aikina ne, ku ku zana da'irar kawai.

Mataki na farko: rage girma

Kwafi ba ya zama kwafi sai kowane sashe ya ragu daidai da 'yan uwansa. Mu ɗauka motar gaske tana da tsawon mita 4, wato santimita 400, faɗinta santimita 180, tsayin tayarta santimita 70. Za mu raba komai da 20. Tsawo ya zama santimita 20, faɗi 9, taya 3.5. Wannan shi ake rubutawa 1:20.

To, nauyi fa? In motar gaske tana da kilo 1,200, za ku ce a raba da 20 a sami kilo 60. Ku duba da kyau: mota mai tsawon tafin hannu ba za ta yi nauyin babban mutum ba. Mun rage tsawo sau 20, faɗi sau 20, tsayi sau 20, saboda haka jikin motar ya ragu sau 20 × 20 × 20, wato sau 8,000. Kilo 1,200 giram 1,200,000 ne. In aka raba da 8,000 sai a sami giram 150. Ku rubuta wannan ƙa'ida a littafinku, za ta yi muku amfani ranar da za ku lissafa cikin rumbu ko tankin ruwa.

Mataki na biyu: shasi da sandunan taya

Ku yanka kara biyu masu santimita 20, ku haɗa su da gajeru uku a gicciye, ku ɗaure da waya. Yanzu ku matsa kusurwa biyu da yatsa. Kun ga ya karkace? Ku ƙara kara ɗaya daga wannan kusurwa zuwa wadda ke fuskantarta, ku sake matsawa. Ya tsaya kyam. Siffa mai kusurwa huɗu tana iya karkacewa ba tare da wani gefenta ya canja tsawo ba, mai kusurwa uku kuwa ba ta iyawa. Shi ya sa shasin motar tsere cike yake da bututun ƙarfe da aka yi wa walda kusurwa uku-uku, ya yi ƙarfi ba tare da ya yi nauyi ba.

Ku ɗaure guntayen bututun biro a gaba da baya, fensir ya riƙa juyawa a ciki. In bututun ya yi wa fensir kaɗan, ku naɗe kwali ku yi bututu mai ɗan faɗi. Dole sandar gaba da ta baya su yi daidai da juna. Ku auna tazararsu ta dama da ta hagu. In sun bambanta ko da rabin santimita ne, motar za ta riƙa karkata gefe guda.

Inda sanda ke gogar bututu, nan ƙarfin motarku yake zurarewa. A motar gaske boris ne ke rage wannan gogayya. Kada ku ɗiga mai a naku, domin ƙurar hunturun Damargu za ta manne da man, ta zama kamar yashi a cikin bututun. Ku kankare bakin fensir, ku zuba garin a ciki. Yana sa santsi kuma ba ya kama ƙura.

Mataki na uku: injin roba da girman taya

Ku ɗaure bakin zaren roba a gaban shasi, ku naɗa ɗaya bakin a jikin sandar baya ta hanyar juya tayoyin baya-baya. Kafin ku saki, ku yi wannan ɗan gwaji: ku ja wani guntun roba da sauri, ku taɓa shi da leɓe. Za ku ji ɗumi. Ƙarfin hannunku ya shiga robar, mafi yawansa ya ajiyu a ciki yana jiran a sake shi. In kun saki mota, ya koma motsi, gogayya kuma ta mayar da motsin zafi har motar ta tsaya. Makamashi ba ya ɓacewa, kama kawai yake canjawa. Haka yake a man fetur ɗin da matatar SORAZ, wadda aka buɗe a 2011 a kan hanyar Damagaram zuwa Tanut, take tacewa: injin fetur yana mayar da wajen kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na makamashin ne kawai ya zama motsi, sauran ya fita a matsayin zafi ta salansa da lagireto.

Yanzu ga lissafin da na fi so ku riƙe. Duk juyi ɗaya na taya, mota tana tafiyar tsawon kewayen tayar, wato tsayin tayar sau 3.14. Taya mai santimita 3.5 tana cin santimita 11 a juyi guda. Mai santimita 7 tana cin 22. In kun naɗa roba sau 10, ƙaramar taya za ta tura mota santimita 110, babbar kuwa 220, kafin robar ta warware.

Sai ku ce babbar taya ta fi ke nan. Ku dakata. Kaurin fensir wajen santimita 0.7 ne. Ƙarfin da taya ke tura ƙasa da shi daidai yake da jan robar, a ninka da kaurin sanda, a raba da tsayin taya. Da ƙaramar taya, kashi ɗaya cikin biyar na jan robar ne ke isa ƙasa. Da babba, ɗaya cikin goma. Babbar taya ta ninka nisa, ta raba ƙarfi biyu. A kan siminti wannan ba damuwa, amma a rairayi motar na iya ƙin tashi sam. In kuka naɗa ƙyalle a sandar ta yi kauri, ƙarfi zai dawo, nisa ya ragu. Abin da direba ke yi ke nan in ya sa giya ta ɗaya zai hau tudu.

Mataki na huɗu: rairayi da kifewa

Direbobin da ke barin kwalta su shiga daji, ta wajen Tarka ko arewa da Tanut, sukan rage iskar taya kafin su shiga rairayi mai zurfi. Ga dalili. Mota mai kilo 1,200 tana ɗora kilo 300 a kan kowace taya. In wurin da tayar ke taɓa ƙasa ya kai murabba'in santimita 150, kowane murabba'i yana ɗaukar kilo 2. In aka rage iska zuwa rabi, tayar ta baje, wurin taɓawa ya kusan ninkawa, kowane murabba'i ya koma ɗaukar wajen kilo 1. Nauyin bai ragu ba, an dai shimfiɗa shi, kamar yadda tafin raƙumi ke bajewa in ya taka. Da an dawo kwalta sai a mayar da iska, domin taya marar isasshiyar iska tana zafi in ana gudu, har ta fashe. Ku gwada da naku: ku manna faifan silifa biyu su zama taya ɗaya mai kauri, ku gwama ta da mai falle ɗaya a kan rairayi.

Saura cibiyar nauyi. Ku ɗora motar a gicciye a kan allo, ku ɗaure ƙaramin dutse a ƙasan shasi, ku riƙa ɗaga gefen allon a hankali har ta kife, ku auna tsayin da kuka ɗaga. In tana zamewa, ku tokare tayoyin ƙasa da siririn kara. Sai ku mayar da dutsen kan rufin bodi ku sake. Za ta kife tun allon bai yi nisa ba. Mota tana kifewa ne da zarar cibiyar nauyinta ta leƙa waje da layin tayoyi, kuma cibiyar da ke sama ta fi saurin leƙawa. Duk sanda na ga babbar mota ta nufi Agadas da kaya jibge har sun ninka tsayinta, mutane kuma zaune a can sama, wannan lissafi ne ke tayar mini da hankali.

Gwaji da aikin gida

Ku ja layi biyu a tsakar makaranta, tazarar mita 2. Mutum ɗaya ya saki mota, ɗaya ya riƙe agogon waya, ɗaya ya rubuta. Gudu shi ne nisa a raba da lokaci: in ta ci mita 2 a daƙiƙa 2, gudunta mita 1 ne a daƙiƙa, wato kilomita 3.6 a awa. Kowane gwaji a yi shi sau uku, a tara, a raba da uku. Kada ku canja abu biyu a lokaci guda. In kun canja taya kuka kuma ƙara naɗin roba, ba za ku san wanne ya yi aiki ba.

A gida, kowane rukuni ya gwada ƙaramar taya da babba, a kan siminti ko daɓe da kuma a kan rairayi, da naɗin roba 10 kowane karo. Kafin ku saki motar, ku rubuta wadda kuke zaton za ta yi nasara da dalilinku. Ku zo da alƙalumanku ranar Litinin, har da waɗanda suka saɓa wa zatonku, kada ku goge ko ɗaya.