GIGIN TSUFA CIWO NE, BA MAITA BA CE



Satin da ya wuce, bayan sallar Asuba, wani bawan Allah ya zauna har masallaci ya watse, sannan ya matso. Ya ce: "Malam, maganar mahaifiyata ce. Matar da azumin Litinin da Alhamis ba ya wuce ta, yanzu sai ta yi Azahar sau uku, gobe kuma ta ce ba a kira salla ba. Ta ci tuwo ta wanke hannu, baƙo na shigowa ta ce kwana biyu ba a ba ta abinci ba. Jiya ta rantse matata ce ta sace mata kuɗi. Matata ta ce da gangan take yi, 'yan'uwana sun ce sammu ne, ni kuma ina tunanin in saki matar a zauna lafiya."

Na ce masa kada ya saki kowa, ya fara kai Hajiya asibiti. Da izininsa nake wannan rubutu, don na san ba gidansa kaɗai ba ne.

1. BA KOWACE MANTUWA CE CIWO BA

Ka ajiye mukulli ka manta inda ka sa, ko sunan mutum ya ɓace maka sai an jima ya faɗo. Wannan ɗabi'ar ɗan Adam ce. Manzon Allah (SAW) da kansa ya yi mantuwa a salla, ya sallame bayan raka'a biyu, kamar yadda ya zo a hadisin Zul-Yadaini a Bukhari da Muslim. Daga irin wannan muka koyi ƙabli da ba'di.

Akwai kuma mantuwar da wani abu ne ya jawo ta, in an magance shi sai ta tafi: ƙarancin barci, ciwon damuwa, ƙarancin bitamin B12, matsalar maƙoƙo, wasu magungunan, da shan tiramadol da kodin a wurin matasa. Mai damuwa sai ya ga karatu ba ya zama, ya ɗauka ƙwaƙwalwarsa ce ta lalace, alhali zuciyar ce ta cika. Tsoho kuwa in ya rikice farat ɗaya, cikin kwana ɗaya ko biyu, a gaggauta zuwa asibiti, don sau da yawa zazzaɓi ne, ko ciwon mafitsara, ko suga ya faɗi.

2. TO, MENE NE GIGIN TSUFA?

Ciwo ne da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke mutuwa a hankali, shekara da shekaru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke ɗauke da shi, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin tattalin arziki irin namu. Nau'in da ya fi yawa shi ne Alzheimer, sunan likitan Jamus da ya yi bayaninsa a 1906. Wani nau'in kuma hawan jini da ciwon suga da shanyewar ɓarin jiki ke jawo shi, saboda jini ba ya isa ƙwaƙwalwa yadda ya kamata. Kuma ba dole ne kowane tsoho ya yi shi ba. Duk mun san 'yan shekara 90 da hankalinsu garau.

Ku lura da wannan sosai. Ciwon yakan fara da ɓangaren da ke ajiye sabon abu, tsohon ajiya kuwa sai daga baya yake taɓawa. Shi ya sa Hajiya za ta lissafa ƙawayen da suka raka ta gidan miji, ta karanta surorin da ta haddace a makarantar allo, amma ba ta tuna ta karya ba. Sai suruka ta ce: ai ga shi tana tuna abin da take so! A'a baiwar Allah, ba zaɓa take yi ba. Kuɗin nan ita ta ɓoye, ta manta ta ɓoye, sai zarginta ya faɗa kan wanda ya fi shiga ɗakin. Wato mai hidimar ce ke shan zargin.

3. INDA AL'ADA TAKE ZALUNTAR SU

Masu wannan ciwo sukan fi rikicewa daga La'asar sakaliya zuwa dare, kuma likitoci sun san da haka. Mu kuwa da an ce Magariba sai mu ce aljanu. Tsohuwa ta fita cikin dare tana neman gidan babanta da aka rushe tuntuni, a gan ta a lungu ba mayafi tana magana ita kaɗai, shi ke nan an samu mayya. A taru a kanta a ce ke ce kika kama yaron wane, ita kuma ba ta gane tambayar ba, ta ce e. Wai ta amsa laifi kenan! A Gambaga da ke arewacin Gana har matsuguni akwai na matan da aka kora daga garuruwansu da zargin maita, akasarinsu tsofaffi.

Ba ina hana ruƙya da addu'a ba ne. A yi. Amma ruƙya ba ta hana zuwa wurin likita, kuma ba inda aka ce a doki tsohuwa, a turnuƙe ta da hayaƙi, ko a ɗaure ta.

Dubi yadda malaman hadisi suka yi da nasu dattawan. Suna da babi da suke kira ikhtilaɗ, wato ruɗewar mai ruwaya a ƙarshen rayuwa. Aɗa'u bin Sa'ib da Sa'id bin Abi Aruba manyan amintattu ne, kuma abin ya same su. Ba wanda ya ce maƙaryata ne ko Allah Ya yi fushi da su. Sai aka tantance: abin da irin su Shu'uba da Sufyanus Sauri suka ji daga Aɗa'u kafin ruɗewar karɓaɓɓe ne, na bayanta a dakata. Darajar mutumin tana nan. Wannan amsa ce ga masu cewa wai wanda ya riƙe Alƙur'ani ba ya gigin tsufa, har su riƙa zargin tsoho da wani ɓoyayyen zunubi. Alƙur'ani ya ambaci wannan matakin rayuwa a Suratun Nahli aya ta 70 da Suratul Hajji aya ta 5, kuma Annabi (SAW) ya nemi tsari daga gare shi. Jarrabawa ce.

4. HUKUNCINSU

Hankali shi ne sharaɗin taklifi. Wanda gigi ya tafi da hankalinsa, babu salla a kansa, babu azumi, babu ramuwa, babu ciyarwa. In yana farfaɗowa wani lokacin, ya yi sallar da ta same shi cikin hayyacinsa. Zakka kuwa haƙƙin dukiya ce, waliyyinsa zai fitar a wurin jumhur, har da Malikiyya. Cinikinsa da kyautarsa da sakinsa a wannan hali ba sa zartuwa. Don haka ɗan da ya lallaɓa ya sa Baba ya dangwala hannu a takardar gida, ya sani haram ya ci.

5. YADDA ZA A ZAUNA DA SU

A kai su wurin likitan ƙwaƙwalwa. Ba sai mahaukaci ke zuwa can ba. Har yau ba a samu maganin da ke warkar da Alzheimer ba, amma akwai masu rage wahalar, kuma za a duba ko mantuwar mai warkewa ce.

Kada a yi gardama da su. In ta ce ba ta ci ba, ka ce ga shi nan zuwa Hajiya, ka kawo ɗan wani abu. In ta ce an sace, ku nema tare. In ta tashi salla karo na uku, a ƙyale ta. A sa takarda mai lambar waya a jikin kayansu, a sanar da maƙwabta, a kula da wuta da rijiya.

Sannan 'ya'ya su karɓa-karɓa. Ba adalci ba ne a bar wa suruka ita kaɗai, ga rashin barci ga zargi, sannan a ce za a sake ta. Umarnin da ke Suratul Isra'i aya ta 23 da 24 a kan 'ya'ya ya hau, ita taimako take yi, a gode mata.

Mu kuma da muke da sauran ƙarfi, a riƙa auna jini da suga, a motsa jiki, a bar taba. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Wata rana za ka shiga ka gaishe ta, ta dube ka ta ce ɗan waye kai. Abin da ciwo, wallahi. Amma ita ce aka ɗauke wa alƙalami, ba kai ba. In ta manta kai ɗanta ne, kai ba ka manta ita ce ta haife ka ba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa mu gama da iyayenmu lafiya, Ya bar mu da hankalinmu har ranar da za mu yi kalmar shahada. Wallahu a'alam.