Hawa Da Saukar Jariran Kifi A Teku: Darasi Ga Ɗalibin Hausa

Gabatarwa

A zangon karatun da ya wuce, malaminmu na darasin fassara ya ba ni wani guntun rubutu na kimiyya in mayar da shi Hausa. Rubutun yana magana ne a kan jariran kifi na teku. Da farko na ɗauka wahalar banza ce, don kuwa ni ɗan tudu ne, ruwan da na sani bai wuce tafkin Jabi da madatsar Usuma ba. Sai da na je kasuwar kifi ta Kado na ga katan-katan na kifin ƙanƙara, wasu daga Muritaniya, sannan na gane ashe batun ya shigo har tukunyarmu. Wannan maƙala za ta yi bayanin abin da na fahimta, da kuma kalmomin da na zaɓa, domin 'yan'uwana ɗalibai su duba su gyara.

Tasowar Ruwan Ƙasa

Akwai gaɓoɓin teku inda iska take kaɗawa a kan layin gaɓa. Saboda juyawar duniya, ruwan sama ba ya bin iskar kai tsaye. Yakan karkata zuwa dama a arewacin duniya, zuwa hagu a kudanci. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Ekman ne ya yi bayanin wannan a shekarar 1905. Idan karkatar ta tura ruwan sama can tsakiyar teku, sai ruwa mai sanyi ya taso daga ƙasa ya cike gurbinsa. Wannan shi na kira "tasowar ruwan ƙasa".

Ruwan da ya taso yana ɗauke da taki, wato sinadaran da suka taru a ƙasa daga ruɓaɓɓun halittu. Da ya haɗu da hasken rana sai ƙananan tsirran da ido ba ya gani su yi yabanya. Ƙananan ƙwarin ruwa su ci tsirran, kifi kuma ya ci ƙwarin. Manyan wuraren da hakan ke faruwa guda 4 ne: gaɓar Maroko zuwa Sanagal, da gaɓar Namibiya da Afirka ta Kudu, da gaɓar Peru da Chile, da kuma gaɓar Kalifoniya ta Amurka. Faɗinsu duka bai wuce kashi 1 cikin 100 na teku ba, amma kusan kashi 20 cikin 100 na kifin tekun da ake kamawa daga nan yake fitowa. A gaɓar Ghana da Kwaddibuwa ma ruwan ƙasa yana tasowa, musamman daga Yuli zuwa Satumba.

Matsalar Jaririn Kifi

Abin da nake nufi da "jaririn kifi" shi ne kifin da ya fito daga ƙwai bai riga ya ɗauki kamannin iyayensa ba. Tsawonsa 'yan milimita ne, jikinsa garau kamar gilas, kuma ba shi da ƙarfin yin iyo ya ƙalubalanci igiyar ruwa. To ga matsalar: ruwan saman da abinci ya fi yawa a cikinsa, shi ne kuma yake tafiya tsakiyar teku. Jaririn da ya zauna a sama dare da rana, ruwa zai kwashe shi ya kai shi inda babu abinci, ya mutu.

Amma dabara ta fi ƙarfi. Ruwan wajen hawa biyu ne: na sama yana fita, na ƙasa yana shigowa wajen gaɓa. Jariran kifaye da yawa sukan sauka ƙasa idan gari ya waye, su hau sama idan rana ta faɗi. Ke nan da dare ruwan sama ya ja su waje, da rana na ƙasa ya dawo da su. Abin ya yi kama da mai shiga motar Gwagwalada da safe ya shigo gari, da yamma ya hau wata ya koma. Ba shi ya tuƙa motar ba, zaɓen wadda zai hau kawai ya yi. Wannan ɗabi'a na kira "hawa da saukar kullum".

Akwai wani dalili kuma. Da rana masu farauta da ido suna ganin duk abin da ke sama, duhun ƙasa shi ne mafaka. Bahaushe ya ce kifi na ganinka mai jar koma, to nan ma kowa na ganin kowa. Jariran dangin sardin har sukan hau sama da dare su haɗiyi iska su cika jakar iskar da ke cikinsu, su yi lamo ba tare da ɓata ƙarfi ba. Sai dai ba kowane iri ne ke bin wannan tsari ba: wasu a ƙasa suke zama, wasu kuma sai sun ɗan tasa suke fara hawa da sauka.

A Ruwanmu Na Gida

Ba sai an je teku ba. A tafkin Kainji, wanda ya samu bayan kammala madatsar a 1968, akwai wasu ƙananan kifaye farare 'yan dangin sardin. Da rana suna can ƙasa, da dare su taso. Shi ya sa masunta ke fita da fitila da dare su kama su. Cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa da ke New Bussa ta daɗe tana nazarin su. Wato abin da littafi ke faɗa da dogon Turanci, Sarkawa sun san shi a aikace.

Sanin wannan yana da amfani, domin yawan kifin baɗi ya dogara ga jariran da suka tsira bana. A 1972 ruwan ɗumi ya rufe gaɓar Peru, ga kuma kamu fiye da kima, sai kamun ƙananan kifinsu ya durƙushe. Ghana kuwa, ganin sardin na ƙarewa, ta rufe teku na wata guda ga masu kwalekwale a 2019. Mu ma nan, taru mai ƙananan idanu yana kwashe kifin da bai isa kamu ba.

Kammalawa

Kalmomi uku na kawo: tasowar ruwan ƙasa, jaririn kifi, da hawa da saukar kullum. Ban ce su ne ƙarshe ba. Shawarata ita ce, kafin mu zauna a aji mu ƙirƙiri kalma, mu je Yawuri ko Argungu mu tambayi masunta abin da suke kiran ƙaramin kifi a kowane mataki na girmansa. Idan jami'in gwamnati zai ce wa masunci ya ajiye tarunsa wata guda, dole ya gaya masa dalili da harshen da yake ji, kuma mu ɗaliban Hausa ne za a nema mu samar da kalmomin. Allah ya sa mu dace.