Hutu a Kan Duwatsun Murjani: Nazari da Faɗaɗa Kalmomi

Gabatarwa

Ƙasar Hausa ba ta yi iyaka da teku ba, amma kalmar murjani ta daɗe a bakin Bahaushe. An aro ta ne daga Larabci, ta kuma zo sau biyu a cikin Suratur Rahman. Abin da Bahaushe ya sani da wannan suna shi ne jan dutsen ado da mata suke ɗaurawa a wuya da hannu. A nan ne malami kan fara tuntuɓe idan ya zo koyar da nassin da ya shafi teku, domin ɗalibi zai ɗauka cewa duwatsun murjani tarin tsakiya ne a ƙarƙashin ruwa. Jan murjanin ado daga Bahar Rum ake samo shi, a wurare masu duhu, kuma ba ya gina tudu. Wanda wannan darasi ya shafa wani iri ne daban, mai gina tuddai a ruwa mai ɗumi marar zurfi.

Yadda murjani yake

Murjani dabba ce, ko da yake ido kan ɗauke ta tsiro ko dutse. Ƙananan halittu ne masu taushin jiki da suke zaune cunkus a wuri ɗaya, kowace tana gina wa kanta mazauni na farar ƙasa mai tauri. Idan suka mutu, sababbi su yi gini a kan kufansu, har a cikin dubban shekaru tudu ya taso. A cikin jikinsu akwai wata gansakuka da ido ba ya gani, wadda take sarrafa hasken rana ta samar musu da mafi yawan abinci, ita ce kuma take ba su launi. Idan ruwa ya yi zafi fiye da ƙima na tsawon makonni, murjani kan fitar da gansakukar, ya koma fari fat, in zafin ya ɗore kuwa sai ya mutu.

Misali daga gaɓar Sudan

Misali mafi kusa da tarihin Bahaushe shi ne gaɓar Bahar Maliya ta Sudan. Alhazan da suka bi hanyar ƙasa sun riƙa tsallakawa zuwa Jidda daga Sawakin, garin da aka gina tsofaffin gidajensa da dutsen murjani. Murjanin nan dai yana cikin abin da ya ƙuntata wa manyan jirage hanyar shiga tashar, har aka gina Fot Sudan tsakanin 1905 da 1909.

Daga Fot Sudan masu yawon buɗe ido suka saba tashi. Sukan yi kamar mako guda a cikin jirgi, nan ne wurin kwana, nan ne wurin ci. Wasu jiragen suna da babban ƙyalle da iska take turawa, sai a kashe inji idan iskar ta yi kyau. Akan ya da zango a Sanganib, tudun murjani mai hasumiyar fitila da yake kimanin kilomita 25 daga gaɓa, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren gado na duniya a 2016. Akan je Sha'ab Rumi, inda Bafaranshe Jak Kusto ya kafa gida a zurfin mita 10 a 1963, mutane suka zauna a ciki wata guda. Akwai kuma Umbriya, jirgin Italiya da ma'aikatansa suka nutsar da gangan a watan Yuni na 1940, da bama-bamai a cikinsa, don kada ya amfani Ingila. Yau murjani ya lulluɓe shi, kifaye sun mayar da shi gida. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023 ya durƙusar da wannan harka.

Nutso da tukunyar iska

Nutso ba baƙo ba ne ga wanda ya ga wasannin ruwa na Argungu, sai dai nutson Sarkawa na riƙe numfashi ne. A nan kuwa mai nutso yana goye da tukunya, yana shaƙa ta wata na'ura da Kusto da Emil Ganyan suka ƙera a 1943. Kuskure ne a kira ta tukunyar oksijin, kamar yadda ake yawan ji. Iskar da kowa yake shaƙa ce aka matse a ciki.

Kowace mita 10 ta zurfi tana ƙara wa jiki nauyi daidai da na dukkan iskar da take bisa kan mutum a doron ƙasa. Ke nan iskar da aka shaƙa a zurfin mita 10 za ta ninka girmanta biyu kafin a iso sama. Saboda haka dokar farko ita ce kada a riƙe numfashi, domin huhu yana iya tsagewa, wato dai kishiyar abin da Basarke ya koya tun yana yaro. Haka nan iskar naitirojin tana narkewa a cikin jiki a ƙarƙashin ruwa. Idan aka taso da gaggawa sai ta yi kumfa a jini, kamar lemon kwalba da aka buɗe farat ɗaya, abin da kan jawo ciwon gaɓoɓi, ko shanyewar jiki, ko mutuwa. Don haka akan taso sannu, a dakata minti 3 a zurfin mita 5. Sabon mai shaidar nutso ba ya wuce mita 18, kuma ba wanda yake shiga shi kaɗai.

Abin da zai fi jan hankalin ɗalibin harshe shi ne yadda ake sadarwa inda baki ba ya aiki. Ɗaga babban yatsa, wanda a tudu yake nufin madalla, a cikin ruwa yana nufin a taso sama. Mai son ya ce lafiya lau sai ya haɗa babban yatsa da manuniya su yi zobe. Wannan misali ne mai kyau na cewa ma'anar alama yarjejeniya ce tsakanin masu amfani da ita.

Zaɓen kalma

Malami yana da hanyoyi uku idan ya gamu da abin da Hausa ba ta sa wa suna ba: aro, ko faɗaɗa ma'anar tsohuwar kalma, ko ƙirƙira ta hanyar siffantawa. Murjani da anga aro ne. Tukunyar iska faɗaɗawa ce, an bi sawun tukunyar gas da kowa ya sani. Faffaɗan takalmin roba da mai nutso yake sawa kuwa siffanta shi ya fi, domin yaron da ya ga ƙafar agwagwa zai gane aikinsa nan take. Aro ya fi sauƙi, shi ya sa malamai da yawa suke rugawa gare shi, sai a tashi aji yara sun haddace suna ba su san abin ba.

Aiki

Ɗalibi ya samar da sunan Hausa ga gilashin da mai nutso yake rufe idanu da hanci da shi. Ya faɗi hanyar da ya bi, ya kuma bayyana ko kalmar tabarau ta wadatar ko ba ta wadatar ba.